Makullan Barmo

Shekara talatin ubana Barmo yana buɗe wa Damagaram ruwa.
Da asuba yakan rataya ƙarafa goma sha ɗaya a kafaɗa,
kowanne da irin bakinsa:
na bututun Birni mai kusurwa huɗu,
na Zango mai biyar,
na Garin Malam kuwa sai da maƙeri ya fiƙe masa haƙori.
Yakan ce: ruwan ɗaya ne, ƴata,
masu ƙera murfin ne ba sa ga maciji.

Na gaji kafaɗar, ban gaji ruwan ba.
Ɗakina yana bayan asibiti, mai sanyi kamar randa,
akwatunan ƙarfe uku suna ƙifta korayen idanu.
Ɗaya daga Sin, ɗaya daga Turai,
na ukun gwanjo ne, ta Kano ya biyo.
Duk saƙon da ya fita gidan nan ta cikinsu yake wucewa,
amma ko gaisuwa ba sa yi da harshe ɗaya.

Daren Laraba likita Cima ta kira.
Yaro ne ɗan Mirya, ya faɗo daga amalanke,
hoton kansa ake so ya kai Yamai kafin a taɓa shi.
Rezo kuwa ya cika maƙil,
masu gadi na kallon ƙwallo, masu jinya na aika murya gida.
Magana ɗaya nake so in yi:
a ba hoton nan hanya.

Na faɗa wa na farko da yarensa, ya ji.
Na juya ta, na faɗa wa na biyu, ya ji da ƙyar.
Na ukun ya ce bai san ni ba.
Littafinsa na hannun kamfani,
mutumin kamfani na barci a ƙasar da ban taɓa gani ba.
Minti arba'in ina ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu
kamar baƙuwa.

Ku je kasuwar Dole ran Alhamis.
Mai gero daga Tanut, mai saye daga Magarya,
ba su san sunan juna ba,
tiya ce ta san su.
Ba wanda ya ce a buɗe masa rumbu ya leƙa,
sirrin gonarka naka ne.
Bakin ma'auni kawai aka ajiye a fili,
kowa ya gani, kowa ya iya ƙera irinsa.
Abin da nake roƙo ke nan, bai fi haka ba:
in na ce buɗe, ya zama buɗe
a kunnen kowane ƙarfe.

Kiyari abokin aikina ya girgiza kai.
Ya ce in ƙofofi suka zama iri ɗaya
ɓarawo ma ya huta da koyo.
Na ce a san siffar kuba daban, a riƙe ta daban.
Bai gamsu ba. Ya ci gaba da hura shayinsa.

Ni abin da ke cina wani ne.
Masu rubuta ƙa'idar suna zaune inda wuta ba ta ɗaukewa.
Na karanta daftarinsu shafi tamanin,
ban ga layin da ya ce
me na'ura za ta yi in kuran ya tafi ana tsakiyar magana ba.
Na rubuta musu. Na sa sunana, na sa Zandar.
In za a yanka tiya, a auna da geronmu ma.

Hoton ya isa. Yaron yana shan kunu yanzu.

Da na koma gida Barmo na kan tabarma,
makullansa a ƙusa, tsatsa ta fara cinsu.
Bai san me nake yi ba har yau.
Ya ɗago kai kawai ya ce:
ya kai musu?